Yadda Ake Sauya Tayoyi da Shakazoba a Mota Mai Ɗaki 'Yar Kwatano

Wanda ya sayi mota mai ɗaki ta hannu, irin wadda ake saukewa a Kwatano ko Legas a hau da ita Kano, babu abin da ke faranta masa rai kamar lambar da ke kan mita. Mota ta shekara 15 amma ba ta ci kilomita 80,000 ba, gado da firji da murhun gas duk lafiya, zanen tayoyi kuma da sauransa sosai. To wannan lambar ce ke yaudarar mutane. A Turai motar hutu ce: a fita da ita 'yan makonni lokacin zafi, sauran shekara tana tsaye wuri guda, nauyinta duka a kan tayoyin. Ba gudu ke kashe tayar irin wannan mota ba, tsufa ne da nauyi. Sai ka ga zane kamar sabuwa, alhali robar ta bushe ta ciki. Ka hau da ita hanyar Zariya a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, can ne za ta nuna maka shekarunta. Kuma idan tayar baya ta fashe a mota mai ɗaki, ɓarnar ba ta tsayawa a taya: ɓallin roba da waya na iya tsinka bututun ruwa, wayoyin wuta, har da bututun gas da ke bi ta ƙarƙashin ɗakin.

Saboda haka kafin labule, kafin fenti, kafin a sa sola a rufi, ƙasan motar za a fara dubawa.

Karanta tsofaffin tayoyin tukuna

Durƙusa ka nemi inda aka rubuta DOT a gefen taya. Bayan wasu haruffa akwai lambobi huɗu a ƙarshe, galibi cikin ɗan zagaye mai kama da ƙwai. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2314, an ƙera tayar a mako na 23 na shekarar 2014. Idan lambobi uku kawai ka gani, tayar ta girmi shekarar 2000, ba sai an tsaya dogon bayani a kanta ba. Wani lokaci cikakkiyar lambar tana gefen da ke kallon ciki, sai ka shiga ƙarƙashi da tocila. Duba kowace taya ita kaɗai, har da safaya, domin sau da yawa safayar nan ita ce ta asali da motar ta fito da ita daga kamfani, ba a taɓa sauke ta ba.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana faɗakar da direbobi cewa taya na tashi daga aiki bayan shekara 4 da ƙerawa. Kamfanin Michelin kuma cewa yake bayan shekara 5 a riƙa kai ta ga masani duk shekara, in ta cika 10 a cire ta ko da zanenta bai taɓu ba. A ganina, a zafin nan namu da nauyin da wannan mota ke ɗauka, duk tayar da ta zo da motar ta kuma wuce shekara 5 a sallame ta kawai.

Bayan shekara, sai ka duba tsagewa a gefen taya da cikin ramin zane, da kumburi, da wurin da ya baje saboda daɗewa a tsaye. Akwai kuma alamar da mutane ba su cika kula da ita ba: hoton dutse mai tsini uku da ƙanƙara a cikinsa. Galibi tayar lokacin sanyi ce ta Turai. Robarta mai laushi ce, an yi ta don ƙanƙara, kwaltar Kano kuwa cinye ta za ta yi cikin ɗan lokaci.

Kada ka bar tsofaffin su tafi ba ka lura da yadda suka ci ba. Idan gefe ɗaya ne ya suɗe, alaimen ya goce. Idan zanen ya ci tudu da kwari, kana shafawa da tafin hannu kana jin hawa da sauka, shakazoba ce ta mutu, taya na tsalle a kan titi. Wannan shaidar za ta yi maka amfani can gaba.

Kai ta sikeli

Wannan matakin kusan kowa na tsallake shi, alhali sauran aikin duk a kansa ya dogara. Yawancin motocin nan na Turai an gina su ne a kan Fiat Ducato, ko 'yan uwanta Peugeot Boxer da Citroën Jumper, ko Mercedes Sprinter, ko Ford Transit, kuma iyakar nauyin mafi yawansu kilo 3,500 ne. Katako da tankuna da firji sun riga sun cinye kaso mafi tsoka na wannan nauyi tun motar ba kowa a ciki. Mu kuma in za mu yi tafiya ba ma tafiya hannu rabbana: janareta, jarkokin ruwa, buhun shinkafa, tukunyar gas ta biyu, ga iyali. Lita 100 ta ruwa kaɗai kilo 100 ce.

Nemi farantin ƙarfe mai ɗauke da bayanan nauyi. A Ducato yana cikin gidan inji ta gaba, kuma kamfanin da ya gina ɗakin kan ƙara nasa farantin, wanda shi ne abin bi idan sun bambanta. Za ka ga jimlar nauyi, sannan lamba 1 da iyakar aksil na gaba, lamba 2 da iyakar na baya. Sai ka loda motar yadda za ka yi tafiya da ita da gaske, ka cika tankin ruwa da na mai, ka nufi inda ake auna manyan motoci. Irin wannan sikeli ana samunsa a kamfanonin da ke sayen hatsi da riɗi, da masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa. Ka yi wa mai kula da shi magana, ka biya ɗan abin da ya ce. A hau da tayoyin gaba kaɗai a rubuta, sannan motar duka, ka debe na farko daga na biyu ka sami nauyin baya.

Ga dalilin wahalar. Ducato ƙarama, iyakar aksil ɗinta na baya galibi kilo 2,000 ne, tayarta kuma 215/70 R15 C mai lamba 109. Lamba 109 na nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 1,030, biyu kenan 2,060. Ragowar kilo 60 kacal, bai ma kai buhun masara ɗaya ba. In sikeli ya nuna maka ka wuce iyaka, babu tayar da za ta gyara wannan. Rage kaya za ka yi, ko ka matso da masu nauyi tsakiyar mota daga can ƙarshen baya.

Sayen sababbi

Girman taya ka bar shi yadda kamfani ya sa. Ducato babba galibi na amfani da 225/75 R16, Sprinter mai taya ɗaya a baya galibi 235/65 R16, motocin Amurka da aka gina a kan Ford E-350 ko E-450 kuma LT225/75 R16. Abin da za ka sa wa ido shi ne harafin da ke bayan girman da lambar nauyi. C tayar motar kaya ce. CP an yi ta musamman don mota mai ɗaki, gefenta ya fi ƙarfi, tana jure dogon tsayuwa da iska mai yawa. CP ba ta cika samuwa a kasuwarmu ba, kuma ba sai ka tayar da hankalinka ba: C mai kyau, mai lambar nauyi daidai da ta asali ko sama da ita, ta wadatar. Lamba 112 kilo 1,120 ce, 115 kilo 1,215, 118 kilo 1,320, 121 kilo 1,450. Idan ka ga lambobi biyu kamar 109/107, ta farko ta tayar da ke aiki ita kaɗai ce, ta biyu ta wadda aka haɗa biyu-biyu a baya. Harafin ƙarshe na gudu ne, R kilomita 170 a awa, T 190, wannan ba shi ne damuwarka ba.

Abin da ba za a yi ba shi ne sa tayar jif ko ƙaramar mota don girmanta ya zo ɗaya. Za ta shiga rim tsaf, za ta yi kyau a ido, amma ba don wannan nauyi aka yi ta ba.

Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙerawa a Legas ba da jimawa ba, tayar da ke kasuwa shigo da ita ake yi, mai kyau da maras kyau a haɗe. Ko a Sabon Gari za ka saya ko a Ƙofar Ruwa, ka sa a fito maka da ainihin tayoyin da za ka tafi da su, ba samfurin da ke bakin shago ba. Mai shago zai ce, "Alhaji, wallahi sabuwar shigowa ce." Ka ce masa, "Na yarda, Malam, amma bari in ga lambar." Karanta DOT ɗin kowace ɗaya, wadda ba ta wuce shekara da ƙerawa ba ita ake so. Shafa wurin lambar da yatsa, in ya yi kamar an kankare ko an liƙa, ajiye ta. Duba bakin tayar da ke kama rim. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa ta sha kama tayoyin da aka cusa wasu cikin wasu don a rage kuɗin kwantena, kuma wannan cushen na lanƙwasa wayar da ke bakin taya, lahanin da ba ya gyaruwa.

Tayar beljiyam fa? Dokar kwastan ma ta hana shigo da tsofaffin tayoyi irin waɗannan, amma ko ba doka, cire tsohuwar taya ka sa wata tsohuwar da ba ka san tarihinta ba aikin banza ne. Araha ba ta ado. In kuɗi bai kai a sauya duka lokaci ɗaya ba, sababbi biyu su tafi baya, ko da motar da tayoyin gaba take ja, sannan motar ta zauna cikin gari har a cike sauran. Taya biyu da ke aksil ɗaya su zama iri ɗaya, kamfani ɗaya, zane ɗaya. Mai taya huɗu a baya kuwa duka huɗun za a sauya tare, domin in ɗaya ta fi abokiyarta tsayi ko da kaɗan, ita za ta riƙa ɗaukar mafi yawan kayan har ta yi zafi.

Sayi sababbin bawul tare da tayoyin. Bawul ɗin roba na ƙananan motoci iyakarsa wajen 65 a gejin auna iska, tayar bayan mota mai ɗaki kuwa takan kai 80. Na ƙarfe mai noti za ka nema.

Gane ko shakazoba ta mutu

Dabarar danna ƙaramar mota a saki a ga sau nawa za ta yi lilo ba ta aiki a mota mai tan uku da rabi. Hanya ce za ta gaya maka. In tirela ta wuce ka sai motar ta yi ta tangaɗi kana kokawa da sitiyari. In ka taka birki gaba ya nutse. In ka haye tudun rage gudu baya ya ci gaba da lilo sau biyu sau uku. In ka sha kwana a shataletale kwanuka na zubowa daga kabad. Sai ka leƙa ƙasa. Ɗan danshin mai da ƙura ta manne masa ba komai ba ne, amma man da ya gangaro jikin shakazoba ya jiƙa ta, ta gama. Duba robobin da ke kunnuwanta sama da ƙasa, da tsatsa, domin gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfen ƙasan mota ƙwarai.

Akwai kuskuren da ya yaɗu har a wurin wasu kanikawa: mota ta zauna ta baya, sai a ce a sa shakazoba mai ƙarfi ta ɗaga ta. Shakazoba ba ta ɗaukar nauyi, aikinta kashe lilon sifirin ne. In baya ya zauna, sifirin ne ya gaji ko kaya suka yi yawa, kuma can za a nemi gyara.

Wajen saye, tafi da lambar shasi mai harafi da lamba 17, kada ka dogara da shekarar da ke takarda, saboda akan ƙera shasi a shekara ɗaya a gama gina ɗakin a shekara ta gaba. Leƙa kuma ka ga ko bayan motar na ainihin Fiat ne mai sifirin falle-falle, ko shasin AL-KO ne mai ƙasa-ƙasa da aka jona wa kan motar. Shakazobar bayansu ba ɗaya ba ce, kuma wannan ya sa mutane da yawa sayen abin da bai shiga ba. Sachs, Bilstein, Koni, Monroe da KYB duk sanannun kamfanoni ne, sai dai jabunsu ma na yawo cikin kwali mai kyau, don haka wurin da ka saya ya fi sunan da ke kwalin muhimmanci. Biyu-biyu ake sauyawa, hagu da dama. Wadda aka huda aka ɗura wa mai aka toshe kuwa, kada ma a kawo maka ita. Masu gas akwai iskar naitirojin a matse a cikinsu, huda su ko kusantar da wuta gare su haɗari ne.

Ɗaga motar

In so samu ne, a yi shakazoba da farko, sannan taya, sannan alaimen, duk a yini ɗaya ko biyu, don kada matacciyar shakazoba ta fara cin sabuwar taya. Nemi garejin da ya saba da manyan bas da motocin kaya, kamar waɗanda ke Kwakwaci a hanyar Katsina, ka kuma auna tsayin motarka kafin ka je, domin da yawansu sun kusa mita 3, ba kowace rumfa za su shiga ba.

Ana gobe aikin, tun da dare a fesa wa duk notin da za a kwance man sassauta tsatsa irin WD-40, a sake fesawa da safe. Rufe tukunyar gas, zubar da ruwan tankuna don rage nauyi, kulle kabad-kabad, kowa ya fito daga ciki. Motar ta tsaya a daɓen siminti mai lebur. In ƙasa ce ko rairayi, a shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jak. Ja birkin hannu, sa giya, sa waigi gaba da bayan tayoyin da za su zauna a ƙasa. Sassauta notocin taya kaɗan tun tana ƙasa.

Jak mai ɗaukar tan 3 ko fiye ake bukata, kuma a kafa shi a wurin da littafin motar ya nuna a jikin shasi. Ba a ƙarƙashin daɓen ɗaki ba, wanda katako ne. Ba a jikin tanki ba. Ba kuma da ƙananan ƙafafun nan na baya da ake saukewa don hana ɗaki girgiza ba, waɗannan ba don ɗaga mota aka yi su ba. Da ta tashi a tokare ta da ƙafafun ƙarfe masu ƙarfin ɗaukarta. Bulo yana fashewa ba sallama. In ka ga yaron gareji zai shiga ƙarƙashi mota na kan jak kaɗai, tsayar da aikin, ko maigidansa zai ji haushi.

Shakazobar baya

Wannan mai sauƙi ce, kusa biyu ne kawai. Tallafi aksil da jak don kada ya faɗo in an zare. Kwance ta ƙasa, sannan ta sama. Jera tsohuwa da sabuwa a ƙasa ka gwada tsayi, faɗin kunne da girman ramin kusa. In sabuwar mai mai ce zalla, tsayar da ita yadda za ta zauna a mota ka ja ka tura sau uku ko huɗu don iskar da ta shiga lokacin ajiya ta fita. In mai gas ce da aka ɗaure da igiyar roba, sa kusar sama tukuna, sannan ka yanke igiyar ka bi ta tana miƙewa har ramin ƙasa ya zo daidai. Kada a kama sandar nan mai sheƙi da filaya. Ƙaramin ƙarzane ya isa ya yaga robar da ke riƙe mai.

Ɗaura kusoshin da hannu kawai a wannan lokaci. Ɗaurin ƙarshe sai motar ta sauka ta zauna a kan tayoyinta. In aka ɗaure tam tana rataye, da ta sauka robar kunnen za ta murɗe ta zauna a murɗe, cikin 'yan watanni ta tsage, ka dawo kana cewa an sayar maka da jabu. In shasin AL-KO ne, tunda baya na sama ba nauyi, lokacin ne ya dace a ɗura giris a 'yan nonon da ke jikin aksil.

Shakazobar gaba

Nan ne aikin yake. A Ducato, shakazobar gaba da sifirin mai naɗi a haɗe suke, kuma kusoshin samanta daga cikin mota ake kai musu, ta ƙarƙashin dashbod, sai an cire wasu robobi. A Sprinter kuwa suna ƙarƙashin shimfiɗar da direba da na gefensa ke taka ƙafa, kuma sifirin ɗinta falle ne da ya ratsa daga hagu zuwa dama, ba a jikin shakazoba yake ba, don haka aikinta ya fi sauƙi.

Bayan cire taya, a saki tiyon birki da wayar ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki) daga maƙalinsu a jikin shakazoba, kada a bar su su ɗauki nauyin komai. A tallafi hannun ƙasa da jak kafin a kwance manyan kusoshin da suka haɗa shakazoba da kan aksil, kuma a ɗaure kan da waya don kada ya kifo waje ya zaro shaf daga giyabos. Sannan a kwance na sama, mutum ɗaya na riƙe da ita daga ƙasa, domin tana da nauyi.

Raba sifirin da shakazoba shi ne wuri mafi haɗari a duk aikin. Da na'urar matse sifirin ake yi, mai ƙarfin da ya dace da motar kaya, a matse har sai sifirin ya saki mazauninsa kafin a taɓa notin tsakiya. Ɗaure shi da waya ko igiya, ko mutum ya taka da ƙafa wani ya kwance, wasa da rai ne. In garejin ba su da na'urar, ɗauki abin gaba ɗaya ka kai inda suke da ita. Tunda an riga an buɗe, sauya mazaunin sama da boris ɗinsa, da robar tsayawa, da rigar ƙura. Su ne ke kawo ƙarar "ƙwas-ƙwas" in ana juya sitiyari, kuma ba wanda ke son sake buɗe dashbod saboda su. Ƙarshen sifirin ya zauna daidai a gurbinsa. Notocin da ke kulle kansu a sa sababbi. Ƙarfin ɗaurin kowace kusa yana cikin littafin gyaran motar, a bi shi da sifana mai awo. Kafin a mayar da taya, a girgiza ƙwallayen hannu da na sitiyari da bushin a ga ko akwai mai wasa, don alaimen ba ya zama a kan kayan da suka saki.

Wurin mai faci

Kai tayoyin inda ake da injin cirewa da sawa, ba inda ake dukan bakin taya da guduma ba. A goge tsatsar bakin rim da burushin ƙarfe, in rim ya lanƙwashe ko tsatsa ta ci shi sosai a nemi wani. A shafa ruwan sabulu, ba baƙin mai ba, domin mai na lalata roba. Dabarar nan ta zuba fetur a ƙyasta ashana don taya ta kama rim, kada a yi maka ita. In akwai kibiya a gefen taya, ta kalli inda taya ke juyawa in mota na tafiya gaba. In an rubuta OUTSIDE, wannan gefen ne waje. A yi wa kowace balansin.

Wajen mayarwa, a goge fuskar da rim ke zama a kai, kada a shafa wa kusoshi mai ko giris, a fara ɗaura su da hannu, sannan a bi su a gicciye, wannan sai wanda ke fuskantarsa, ba a jere ba. Ducato mai rim 15 ana ɗaure ta a Nm 160 (Nm shi ne awon ƙarfin ɗauri da ke jikin sifana mai awo), mai rim 16 a Nm 180. Sauran motoci a duba littafinsu. Bindigar iska da tsalle a kan dogon bututu suna miƙar da kusa, kuma ranar da taya ta yi faci a daji tsakanin Wudil da Birnin Kudu kai ne za ka rasa yadda za ka kwance.

Sai iska. Mai faci ya saba da 35 ko 40 na ƙananan motoci, in ka ce masa 70 sai ya dube ka ya ce, "Ranka ya daɗe, za ta fashe fa." Ba za ta fashe ba, ƙarancin iska ne ke fasa tayar mai nauyi, saboda gefenta na lanƙwasawa yana zafi har wayoyin ciki su rabu da roba. Adadin yana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ko cikin littafi, kuma kamfanonin taya na da jadawalin iska gwargwadon nauyin aksil, inda awon sikelin nan zai yi maka aiki. In an rubuta da bar ne, bar 1 daidai yake da 14.5 a gejin da aka saba da shi, wato bar 4.5 wajen 65, bar 5.5 wajen 80. Tayar CP a baya takan kai bar 5.5, amma tayar C da yawa iyakarsu ba ta kai nan ba, don haka karanta iyakar da ke rubuce a gefen wadda ka saya, kada ka wuce ta. Sayi gejinka na kanka mai kaiwa 100. Da safe ake awo kafin mota ta motsa. In ka auna a tsakiyar tafiya ka ga ta ƙaru, zafi ne, kada ka rage.

Alaimen da gwaji

Daga nan kai tsaye wurin alaimen, da kayan da ka saba ɗauka a cikin motar. Sannan ka fita gwaji a hanya mai sarari kamar Eastern Bypass, ka fara a hankali, rediyo a kashe, kana sauraron ƙara, kana lura ko sitiyari na ja gefe ko yana rawa. Sabuwar taya na da ɗan santsi a kilomitocin farko, kada ka matsa mata. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notocin taya duka da sifana mai awo, a leƙa kusoshin shakazoba, a tabbatar tiyon birki ba ya gogar komai in an juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama.

Tunda motar za ta koma yin abin da ta saba, wato tsayuwa, ajiye ta a inuwa ko ka rufe tayoyin da buhu ko kwali daga rana. Kada ta tsaya inda man janareta ko dizal ke zuba, in daɓen ƙasa ne a sa katako a ƙarƙashin kowace taya, musamman da damina. Sau ɗaya a wata a fita da ita ta yi tafiyar rabin awa don tayoyin su ɗumama su sauya wurin da suke zaune a kai, a auna iska har da ta safaya. Rubuta lambar DOT ta kowace taya, da ranar da aka sa ta, da abin da mita ke nunawa, da awon sikeli na gaba da na baya, ka ajiye takardar tare da takardun mota.